Wace na'urar sanyaya ruwan inji ta dace da Damagaram?

Duk mai masana'antar ƙanƙara, ta roba ko ta man gyaɗa a Zinder ya san darajar ruwa. Garin a kan dutse yake, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo Machaya da Aroungouza, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Na daɗe ina sana'ar ƙanƙara, shi ya sa nake so wanda ya riƙe kuɗinsa zai saya ya saurare ni.

Tsarin da ruwa ke bi ta inji sau ɗaya a zubar, wannan ba na garinmu ba ne. Busasshen tsari mai fanka zalla ba ya shan ruwa, sai dai ba ya iya sauke ruwa ƙasa da zafin iskar waje, da bazara injin sai nishi da cin kuran.

Buɗaɗɗiyar hasumiya, wadda ake watsa ruwan a cikinta iska ta ratsa shi kai tsaye, tana da arha, tana sanyayawa ƙwarai, amma da ƙafewar ruwa take aiki. Duk digiri 5 da rabi da ta rage, kusan kashi 1 cikin 100 na ruwan da ke zagayawa ya bi iska. Ruwa ya tafi, gishirinsa ya zauna, ƙurar hunturu kuma ta faɗa ciki. Ita ta cuce ni: farin ƙanzo ya toshe min bututu a tsakiyar azumi, lokacin da ƙanƙara ke tsada, na kwana uku ban sayar da ko ɗaya ba.

Ni dai zaɓina rufaffen tsari mai jiƙa iska. Ruwan inji yana zagayawa cikin bututu a rufe, ƙura ba ta taɓa shi, ba ya ƙafewa. Gaban fankokin akwai wani soso da ake jiƙawa in rana ta take, iska ta ratsa shi ta yi sanyi kafin ta bugi bututun. Busasshiyar iskarmu ita ce ribarsa, don iska mara laima ta fi karɓar sanyi. Da dare da lokacin ɗari kuwa a bushe yake aiki, ko ɗigo ba ya sha. Yana da tsada, ban musa ba, soson ma yana son wanki da canji. Ka haɗa masa na'urar rage gudun fanka: in gudun ya ragu da kashi 20 cikin 100, wutar da fankar ke ci takan ragu kusan rabi.

Amma ɗan'uwa, ka buɗe ido da masu kawo kaya. Ƙarfin da ke rubuce a takarda sau da yawa da iskar Turai aka auna shi, ka ce a rubuta maka ƙarfinsa a digiri 45. Akwai masu fenti tsohon inji su liƙa masa sabuwar lamba. Akwai injin fanka da ake cewa wayar jan ƙarfe ce a ciki, alhali alminiyam ce aka rina. An taɓa sayar min da irinsa, wata biyu ya ƙone. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka sa mai gyaranka ya buɗe murfin ya kankare bakin waya a gabanka, ya auna wutar da yake ja. Mai kayan da ya hana a buɗe, ka mayar da kuɗinka aljihu. Kada kuma ka biya cikon kuɗi sai an girka shi ya yi aiki da tsakar rana, ba da sanyin safiya ba.