Ledar tace haske ta ND: ko ta isa rage hasken ƙaramar tocila don aikin dare?

Yawancin ƙananan tocilolin LED na yanzu haskensu ya yi yawa ga aikin dare. Mai duba agogo a ɗakin da wani yake barci, ko mai karanta taswirar taurari, ko mai neman wani abu a cikin jaka, ba ya buƙatar fiye da rabin lumen zuwa lumen 1 (lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa). Amma tocilar aljihu mai batir AAA takan ba da lumen 30 zuwa 100, wata ma matakinta na ƙasa lumen 10 ne. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma walƙiya ɗaya mai ƙarfi ta isa ta rushe mafi yawan wannan sabon. Wannan sharhi a kan ledar tace haske ce mai launin toka, wadda masu ɗaukar fim da masu saita fitilun dandali suke kira ND, da yadda take aiki idan an sa ta a bakin tocila.

Leda ce siririya ta foliyesta, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Aikinta ta shanye wani kaso na haske ba tare da ta canza masa launi ba. Kamfanin Lee Filters na Ingila yana yin ta a lamba 209, 210, 211 da 299, waɗanda duhunsu ya kai 0.3, 0.6, 0.9 da 1.2. Kamfanin Rosco ma yana da irinta, lamba 3402, 3403 da 3404 su ne daidai da ukun farko. Kowane ƙarin 0.3 yana raba hasken gida biyu: ta 0.3 tana barin kusan rabi ya wuce, ta 0.6 kwata, ta 0.9 ɗaya cikin takwas, ta 1.2 kuwa ɗaya cikin goma sha shida. Idan aka ɗora falle a kan falle, lambobin duhun ake tarawa. Wannan shi ne babban alherinta, domin mutum zai iya lissafa abin da zai samu tun kafin ya ɗauki almakashi.

Wurin saye ne mutane suka fi yin kuskure. Mai saye yana jin an ce ta 0.3 tana rage rabin haske, sai ya ɗauka ta wadatar. Ba ta wadatar ba ko kusa. Ido ba ya auna haske yadda mita take aunawa. Lumen 50 da lumen 100 a cikin duhu kusan abu ɗaya suke a gare shi, duka biyun suna kashe ido. Don tocila, ta 1.2 ce abin saye, sai a haɗa da ta 0.6 don daidaitawa. Tocila mai lumen 100 tana son falle biyu na 1.2, jimla 2.4, abin da zai fito kusan lumen 0.4. Mai lumen 30 tana son 1.2 da 0.6, a samu kusan rabin lumen. Mai lumen 10 falle ɗaya na 1.2 ya ishe ta. Ta 0.3 ba ta da wani amfani a nan sai a gyaran ƙarshe, idan an ga hasken ya ɗan haura abin da ake so.

Girman fallen da ake sayarwa ya wuce buƙata nesa ba kusa ba, tun da faɗinsa ya haura rabin mita, alhali bakin tocilar aljihu milimita 12 zuwa 25 ne. Ɗan littafin samfuri da kamfanonin suke yi, mai ƙananan yankuna na kowane launi, ya isa tocila ɗaya ko biyu.

Sawa ba ta da wuya idan bakin tocilar yana warwaruwa. A cire batir tukuna. A warware zoben gaba, a fito da gilashin, a lura da gefen da zoben roba mai hana ruwa yake zaune domin a mayar da shi yadda yake. A ɗora gilashin a kan ledar, a zagaye shi da alƙalami mai siririn baki, sannan a yanka ta cikin layin, yadda da'irar za ta gaza gilashin da kamar rabin milimita. Idan ta yi daidai cif ko ta ɗara, za ta tattare lokacin da aka ɗaure zoben, haske ya riƙa tsiyaya ta gefe. Idan kuma ta yi ƙanƙanta da yawa, farin zobe mai ƙarfi zai bayyana a kewayen hasken, wanda shi kaɗai ya isa ya ɓata aikin. Wurin zamanta bayan gilashi ne, tsakaninsa da kwanon da ke mayar da haske. Kada a sa ta tsakanin gilashi da zoben roba, domin nan ne ruwa zai sami hanya. A riƙe ta da gefe ko da hantsaki. Shatin yatsa yana fitowa a cikin hasken, ƙura kuma tana manne mata. Kwanon mai sheƙi kada a taɓa cikinsa ko da tsumma mai laushi ne, fentinsa ba ya jure goga.

Tocilolin da aka liƙe bakinsu da gam, ko waɗanda gilashinsu da kwanon abu ɗaya ne na roba, ba a tilasta musu buɗewa. A yi musu hula: a sami murfin roba da ya shige bakin tocilar tsam, a huda tsakiyarsa, a sa ledar daga ciki, a naɗe gefen da baƙin tef na masu gyaran wuta. A ganina hular ta fi ma sawa ta ciki amfani ga mai tocila ɗaya tak, don ana cire ta a sami cikakken haske nan take. Sai dai murfin ya zama wanda haske ba ya ratsa shi. Fari ko mai launi zai yi ta ƙyalli a hannu kamar garwashi.

Inda ledar ta gaza guda biyu ne, kuma na farkon babba ne. Ba ta rage cin batir ko kaɗan. Tocila tana jan wutarta kamar da, fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken kuma yana komawa zafi a jikin ledar. A lumen 30 ko 100 wannan zafin ba ya yin komai. Amma a tocilar da ke da matakin lumen ɗaruruwa, idan aka kunna shi da ledar a ciki, tsakiyarta zai kumbura ya koɗe, wani lokaci ya huje, musamman idan tana kusa da ƙwan LED. Irin wannan tocila a yi mata hula daga waje, kuma a tsaya a matakin ƙasa. Na biyu, ledar ba ta baza haske. Ɗigon tsakiya yana nan da ƙarfinsa idan aka gwada shi da gefe, kuma a kan farar takarda shi ne yake damun ido. Maganinsa a ƙara falle ɗaya na ledar baza haske, irin Lee 216 ko 250 wadda ta fi ta sauƙi. Ita ma tana cin nata kason hasken, saboda haka a rage ND kaɗan idan an sa ta.

Game da jan haske: gaskiya ne ƙwayoyin ido masu gani a duhu ba su cika jin jan haske mai zurfi ba, sun fi jin shuɗi da kore, kuma farin LED asalinsa shuɗi ne na wajen nanomita 450 da aka shafe da sinadarin fosfo. Saboda haka jar leda irin Lee 106 tana taimakawa. Amma jan haske mai ƙarfi shi ma yana ɓata sabon ido, kuma a ƙarƙashinsa jan rubutu da jan layi a farar takarda ɓacewa suke yi. Mai kallon taurari ya haɗa ja da falle ɗaya na ND. Mai karanta kwalin magani ko taswira mai launuka ya tsaya a kan fari mai rauni.

Dole a kwatanta ledar ND da resista, ɗan ƙaramin kayan lantarki da ke rage yawan wutar da ke wucewa, domin shi ne abokin takararta na gaskiya. A tocila mai batir AAA uku wadda ba ta da wani allon sarrafa wuta, resista ya fi ledar. Batir uku bolt 4.5 ne, farin LED a ƙaramar wuta yana cin wajen bolt 2.6, saura 1.9. Resista mai om 2,200, wanda zobba uku na farko a jikinsa duk ja ne, zai bar ƙasa da miliyam 1 kaɗan na wuta ya wuce. Idan ya yi duhu a gwada mai om 1,000. Mai kwatan wat ya isa har da rara. A yanke hanyar wuta tsakanin makunni da gidan batir, a liƙa shi da dalma, a rufe ƙafafunsa da bututun roba mai tsukewa da zafi don kada su taɓa jikin ƙarfen tocilar. Idan sun taɓa, wuta za ta kewaye resistan, hasken ya dawo da ƙarfinsa. Batir ɗin da a da yake ƙarewa cikin 'yan awoyi zai kai ɗaruruwan awoyi. Amma a tocila mai batir AA ko AAA guda ɗaya, akwai allon da ke ɗaga bolt 1.5 zuwa abin da LED yake buƙata. Sa resista a gaban wannan allo yakan jawo ƙiftawa, ko tocilar ta ƙi kamawa gaba ɗaya. Haka ma masu matakai da yawa da masu caji ta USB. A nan ne ledar ta yi fice, don ba ruwanta da abin da ke cikin tocilar.

'Yar tocilar da ake maƙalawa a mukulli mai batir CR2016 guda biyu ba ta buƙatar ko ɗaya a farko. A cire biyun a sa CR2032 guda ɗaya: faɗinsu ɗaya, kaurinsa milimita 3.2 daidai da na biyun a haɗe, amma bolt 3 ne maimakon 6, hasken zai sauka sosai. A ajiye waɗannan batura nesa da yara, haɗiye su yana ƙona maƙogwaro.

Ga wanda tocilarsa ke da allon sarrafa wuta, ko ba ya son taɓa dalma, ko yana so ya iya mayar da ita yadda take, ledar ND ta 1.2 ta cancanci saye, tare da yankin 0.6 da na baza haske. A yi gwajin ƙarshe a ɗaki mai duhu bayan an zauna minti 20 babu fitila babu waya, a haska farar takarda daga nisan santimita 30. Idan rubutu yana karantuwa, kuma da aka kashe tocilar ba a ga tabon haske yana yawo a ido ba, an samu daidai. Idan tabon ya bayyana, a ƙara falle ɗaya na 0.6 a sake gwadawa.