Akwatin soket mai guda 46: wata takwas ina kwance CG ɗin Kawu da shi

Wata takwas ke nan da na sayi akwatin nan na roba na kayan kwance noti da ake rubuta 46 a murfinsa, irin wanda yanzu ko'ina ka leƙa a Facebook sai ka ga ana tallarsa. A Dilimi na saye shi, wata Asabar, bayan mun yi ta ja da mai shagon har ya sallama a naira dubu goma sha uku. Babu sunan kamfani a jikinsa ko ɗaya, sai CR-V da aka buga a kan kowane soket, wato ƙoƙon ƙarfen da ake kifawa a kan noti a murɗa, wai alamar ƙarfen mai kyau ne. Mai shagon ya ce da ni, "Malam, da wannan akwatin ka gama da gareji." Na san maganar 'yan kasuwa ce, amma ta yi mini daɗi, na biya.

Ni ba bakanike ba ne, koyarwa nake yi. Babur ɗin ma gadonsa na yi. Tsohuwar Honda CG125 ce ta Kawuna da ya yi aiki a Lafiya, ya rasu ta shekara biyu a jingine a bayan ɗaki, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Da aka zo rabon kaya kowa ya kau da kai, ni na ce a ba ni. Tun da aka hana acaɓa a Jos da Bukuru a 2012 hawan babur a cikin gari ya zama sai da lura, don haka ba don zirga-zirgar Taminus na karɓe ta ba. Akwai wata 'yar gona da muke nomawa ta wajen Tilden Fulani, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa can a mota ya fi ƙarfin albashina. Bayan haka, in faɗi gaskiya, ina son ƙamshin baƙin mai a hannuna. Zauren gidanmu a Unguwar Rogo shi ne garejina: tabarma, tsohon faranti na zuba notuna, da fitilar waya.

In ka buɗe akwatin zai burge ka. Komai a jere, yana walƙiya. Amma zauna ka ƙirga da idon mai aiki. Soket na noti guda goma sha uku ne, daga lamba 4 zuwa 14. Sauran yawancinsu kawunan sukudireba ne kala-kala, da alanki uku ƙanana, da hannun racet wanda ake maƙala wa soket a murɗa, da wata sanda mai zamewa da ita ma ake maƙala wa soket, da sandunan ƙara tsawo, da wata mai lanƙwasa kamar wutsiyar ɓera. To babur ɗin Japan, da duk na Sin da aka kwaikwaya daga gare shi, notunansa 8 ne da 10 da 12 da 14, sai 17 zuwa sama. Ba za ka ga 11 ko 13 ba, sai in wani bakanike ya taɓa cusa nasa. Ke nan a cikin goma sha ukun nan huɗu ne ke aiki. Lamba 4 da rabi da 5 da rabi har yau suna nan da sheƙinsu na kanti. Kawunan masu siffar tauraro kuwa sau ɗaya na taɓa su, ranar da uwargida ta ce in duba mata injin markaɗe.

Sai dai huɗun nan da ke aiki, suna aiki. A nan dole in yaba. Bakin soket ɗin mai kusurwa shida ne, ba mai goma sha biyu ba, saboda haka yana rungumar kan noti ta gefensa, ba ya siɗe masa kusurwa. Wanda ya taɓa fama da sifanan nan na kasuwa da ke buɗe baki da zarar noti ya yi gardama zai gane abin da nake nufi. Da su na sauke tanki da kujera, na cire murfin gefe, na canza wayar kuloci, na ɗaure madigadin da ke ta kaɗa kai. Ko ɗaya bai tsage ba, bai buɗe ba.

Aikin da ya sa na ji kuɗina ba su tafi a banza ba shi ne saitin bawul. Injin yana wata ƙara, kas-kas-kas, kamar keken ɗinki. Ƙa'ida ita ce a yi saitin inji na da sanyi, kuma wannan a Jos ba abin wahala ba ne. Safiyar wata Lahadi ce a Disamba, hunturu ya sauka sosai, yatsuna har ba sa jin ƙarfe. Na cire notuna ukun da ke riƙe da murfin kan inji da lamba 10 da doguwar sandar nan, cikin minti biyu. Na juya injin a hankali har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikinsa, na taɓa hannuwan bawul ɗin biyu na ji duk suna motsi, alamar fistin yana sama a inda ake so. CG tazarar 0.08 na milimita take so a duka biyun. Na zura fila geji, siririn ƙarfen auna tazara, wanda daban na saya don babu shi a akwatin, sai ya wuce fuu babu ko gogawa. Na sassauta noti, na murɗa ɗan kan nan mai kusurwa huɗu da filaya, na gwada, ya matse. Na saki, ya yi sako-sako. Sau biyar ina yi, don duk sanda na ɗaure notin sai saitin ya gudu. A na shida na ji ƙarfen gejin yana fita da 'yar turjiya, kamar kana zare takarda daga tsakiyar littafi. Na rufe, na ja cok, na buga kik. A bugu na uku ta tashi, ƙarar ta ɗauke. Na daɗe a tsugune ina sauraro har shayina ya huce.

Wannan aikin na ƙaramin racet ne. Yana shiga lungu, kuma gajartar hannunsa tana kare ka daga ɗaure noti fiye da kima. Injin babur gorar ruwa ce, in ka matsa sai zaren ramin ya biyo noti. Sabon shiga irina ya fi bukatar a rage masa ƙarfi da a ƙara masa.

To daga nan sai inda akwatin ya fara nuna iyakarsa.

Abin da mai babur ya fi yi a gida shi ne juyen baƙin mai da duba fulogi da jan sarƙa. Ukun nan duka akwatin ba ya yi. Murfin da ake buɗewa a gefen hagu na injin CG a zubar da mai, wanda ragar tace mai da sifirin suke bayansa, lamba 24 ne. Fulogi 18 yake so, kuma mai dogon wuya. Notin tayar baya, wanda sai ka sassauta shi kafin ka ja sarƙa, shi ma ya wuce 14 nesa ba kusa ba. Ranar da na fara juyen mai na riga na shimfiɗa kwali, na kawo tsohon galan da na yanka, na buɗe akwati ina ta gwada soket ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman mukullin da ya ɓata. Ƙarshe dai na sa riga na koma Dilimi na sayo zoben sifana guda uku da na fulogi. Kuɗinsu ya kusa rabin na akwatin. Mai shagon da ya ce na gama da gareji bai ko ji kunya ba, cewa ya yi ai waɗannan daban ake sayensu.

Kallon kitse na yi wa rogo, ba laifin kowa. An rubuta 4 zuwa 14 a bayan kwalin, ni ne 46 ta rufe wa ido.

Sai maganar kafireto, wadda har yanzu in na tuna sai na ji haushi. Fulogin yana fitowa baƙi ƙirin, mai taushi kamar gindin tukunya, alamar fetur ya fi iska yawa. Da farko na ɗora laifin a kan gari: Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, iskarta ba ta kai ta Lafiya kauri ba, kuma kafireto bai san an canza masa gari ba, fetur ɗin da ya saba bayarwa shi zai ci gaba da bayarwa. Akwai gaskiya a ciki, amma da na buɗe gidan soson iska sai na tarar soson ya zama kamar dambu, har da gidan zanzaro. Na canza shi, na ce bari in wanke kafireton gaba ɗaya. Na ɗauko kan sukudireba mai gicciye, PH2, na sa a sukurun kwanon ƙasa. Na farko ya kwance. Na biyu na murɗa, kan ya zame ya fito. Na danna na sake. Ya sake zamewa. A na huɗu giccin ya zama rami zagayayye.

Haka na naɗe kafireton a leda na tafi wajen Baba, tsohon bakaniken da ke bakin layinmu, wanda tun ina firamare nake ganinsa a ƙarƙashin bishiyar nan. Ya juya shi a hannu, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, kai ma ka fara cin abincinmu ne?"

"Wane ni, Baba. Karambani ne ya kawo ni."

Ya nuna mini wani ɗan ɗigo a kan sukurun da ya tsira, kusa da giccin. Ya ce duk sukurun da ka ga wannan tabon, na Japan ne, bakinsa daban, sukudireban gama-gari ba ya zama a ciki sosai, ture shi yake yi waje. Daga baya na karanta cewa ma'aunin Japan ne da ake kira JIS, kuma abin da Baba ya faɗa haka yake. Ya ɗauko wani guntun sukudireba mai kauri da ake bugawa da guduma, ya ɗan tsaga kan sukurun da zarto, bugu biyu ya juya. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in kawo masa goro ranar Juma'a. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji shi, yana dariya, yaransa na taya shi. Amma ko da na san da zancen ɗigon, kawunan sukudireban akwatin ba su kai soket ɗin ƙwari ba. PH2 ɗin bakinsa ya murɗe tun a ranar.

Racet ɗin kuma ni na kashe shi, ba zan yi masa ƙarya ba. Wani noti mai lamba 14 a shokozoban baya ya yi tsatsa ya ƙi motsi. Maimakon in zuba masa mai in bar shi ya kwana, sai na zura guntun bututun ruwa a hannun racet ɗin na taka. Na ji ƙas. Tun daga ranar in ana ɗaurewa yana kamawa, in ana kwancewa sai ya riƙa tsallake haƙori. Abu ne mai bakin kwatan inci, an yi shi don ƙananan notuna, ni kuma na ɗora masa kayan jaki. Yanzu sandar nan mai zamewa nake fara karya noti da ita, sannan racet ya ƙarasa. Da haka na fara da har yau lafiyarsa ƙalau.

Robar akwatin ita ce mafi rauni. Maƙallin murfin guda ya karye a wata na biyu, kuma ramukan ba sa riƙe soket, in ka buɗe shi a kife sai ka bi su ɗaya-ɗaya a ƙasa. Lambobin da aka buga a jiki ba su nutsa ba, da dare sai ka goge mai ka haska waya kafin ka bambance 12 da 13. Na shafa wa huɗun da nake amfani da su jan farcen uwargida, ba da saninta ba. Da damina ta kankama, ruwan Yuli da Agusta na Jos da ba ya ɗaukewa, kawunan sukudireban sun yi jan tsatsa a cikin zaure, soket ɗin kuwa ko ɗigo. Tsumma mai ɗan baƙin mai na shimfiɗa a ciki, abin ya tsaya.

Wanda duk ya tambaye ni ko ya saya, ina ce masa ya saya, in dai babur ɗinsa ƙarami ne irin CG ko Boxer ko Jincheng kuma aikin Asabar da Lahadi zai riƙa yi. Amma ya riƙe wasu kuɗin a aljihu, kada ya bar kasuwa sai da zoben sifana 17 da 19 da 22 da 24, da na fulogi daidai da babur ɗinsa, da sukudireba guda mai kyau ko da ya fi tsada. Wanda kuma yake shirin buɗe gareji ya ci abinci da shi, kada ya soma, sati biyu ba zai kai ba a hannun yaran shago. Da zan sake saye daga farko, ina jin soket huɗun nan zan tsinta ɗaiɗai masu bakin da ya fi wannan girma, in haɗa da racet mai ƙwari. Sai dai fa da ban ga akwatin yana walƙiya a Dilimi ba, ban tabbata zan taɓa yin ƙarfin halin buɗe kan injin ba.

CG ɗin Kawu yanzu tana kai ni gona ta dawo da ni, da buhun masara a baya. Kulocinta ya fara zamewa a hawa in akwai kaya, kuma notin da ke ciki irin mai tsaga huɗun nan ne da sai da sifanansa na musamman, don haka wannan kam wajen Baba za ta. Lamba 10 kuma sati uku ke nan ban gan shi ba. Autana ya ce shi bai ɗauka ba, amma na ga wani abu mai jan farce a gaban motar gwangwaninsa.