Sandunan golf na farko: abin da sabon shiga zai saya da abin da zai dakata

Dokar golf, wadda hukumomin R&A da USGA ke tsarawa, ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14 a jakarsa. Iyaka aka sa, ba a ce dole sai an cika ba. Mai koyo, sanduna 7 ko 8 sun ishe shi shekara guda ko fiye. Tsakanin sandar ƙarfe lamba 6 da lamba 7, a hannun gwani, akwai tazarar yadi 10 zuwa 15. A hannun sabon shiga kuwa kusan wuri ɗaya suke kai ƙwallo, domin da wuya ya sami tsakiyar fuskar sanda sau biyu a jere. Saboda haka abin da za ka nema shi ne sandar da za ta rufa maka asiri idan ka kuskure tsakiya.

Jakar da ta dace ita ce: direba mai kai ƙwallo nesa, wud lamba 5 (mai dunƙulallen kai kamar na direba amma ƙarami) ko sandar ruwa-biyu tsakanin wud da ƙarfe da ake kira haibirid, sandunan ƙarfe lamba 6, 7 da 9, wej na ɗaga ƙwallo, wej na ramin yashi, sai sandar gangara ƙwallo cikin rami. Ƙarfe lamba 3 da 4 ka bar su a kanti. Fuskarsu a miƙe take, digiri 20 zuwa 24, kuma sai da gudu mai yawa suke ɗaga ƙwallo sama. Haibirid na yin aikinsu cikin sauƙi saboda nauyinta yana ƙasa kuma can baya.

Hanyoyin saye uku ne. Cikakken saiti a kwali ɗaya, har da jaka, shi ne mafi sauƙi, amma tsawo ɗaya da laushi ɗaya ake yi wa kowa, kuma ƙotarsa ba ta da inganci sosai. Sandunan hannu na sanannun kamfanoni irin su Ping, Callaway, TaylorMade ko Cobra, masu shekara 5 zuwa 8, galibi sun fi sabon saitin kwali nagarta. Hanya ta uku ita ce a auna ka a haɗa maka naka. Wannan tana da kyau, amma yin ta a watan farko asara ce, don yadda kake kaɗa sanda yau ba haka za ka kaɗa ta bayan darasi goma ba. Sai dai in kai dogo ne sosai ko gajere sosai, to a auna tsayinka da tazarar wuyan hannunka zuwa ƙasa tun farko.

Sandunan ƙarfe iri biyu ne. Akwai masu cikakken baya, sirara, waɗanda ƙwararru ke so don suna ba su damar lanƙwasa ƙwallo yadda suka ga dama. Akwai masu kwarmi a baya, inda aka kwashe ƙarfen tsakiya aka zuba shi a gefuna, dabarar da Karsten Solheim, wanda ya kafa Ping, ya yi suna da ita. Idan ka bugi ƙwallo da bakin fuska ko kusa da ƙota, kan sanda yakan murɗe. Nauyin da ke gefuna yana rage wannan murɗawa, sai ƙwallo ta tafi kusan inda aka nufa, ko da ta rage nisa. Masu kwarmi za ka saya, masu faɗin ƙasa, don faɗin yana hana sanda nitsewa cikin ƙasa idan ka sare ta kafin ƙwallo. Kyan siraran a ido kawai yake ga mai koyo.

Kuma ka san yadda ake bugu da su, don a nan yawancin masu koyo ke ɓata. Ba a ɗebo ƙwallo daga ƙasa kamar da cokali. Sanda tana kan saukowa take samun ƙwallo, sannan ta yanki ciyawa a gabanta, kwanciyar fuska ce ke ɗaga ta. Da lamba 7, ƙwallo tana tsakiyar ƙafafu, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, an lanƙwasa daga ƙugu, gwiwoyi sun ɗan saki, hannaye na rataye. Lokacin bugu nauyin jiki ya koma ƙafar hagu ga mai wasa da dama. Wanda ya bar nauyinsa a baya, ko ya sari ƙasa ko ya goge saman ƙwallo, kuma babu sandar da za ta gyara masa wannan.

Ƙota ita ce wadda aka fi yin sakaci da ita. Ta ƙarfe tana da nauyin giram 95 zuwa 130, ta girafait kuwa giram 50 zuwa 85. Girafait ta fi dacewa da mai ƙarancin gudu, da dattawa, da mai ciwon gwiwar hannu, don tana shanye girgiza. Laushinta ana rubuta shi da haruffa: L, A, R, S, X, daga mafi laushi zuwa mafi tauri. Wanda kan direbansa ke gudun mil 85 zuwa 95 a sa'a, R ce tasa. Kamfanoni ba su da ma'auni ɗaya, R ɗin wani ta kusa S ɗin wani, saboda haka a gwada kafin a biya. Da yawa suna zaɓar S don kada a ce ba su da ƙarfi. Sakamakon shi ne ƙwallo ba ta tashi, kuma sau da yawa tana karkata dama. Garaje ba ƙarfi ba ne: ɗaga sanda baya ya kamata ya ɗauki kusan ninki uku na lokacin sauke ta.

Direba ce sandar da ta fi tsawo kuma ta fi wuyar sarrafawa. Ɗauki mai babban kai, 460cc, wato iyakar da doka ta yarda. Kwanciyar fuskarta ta zama digiri 10.5 zuwa 12, ko ma 13. Mai digiri 9 tana ƙara lanƙwasar ƙwallo zuwa gefe. Yawancin na kanti sun kai inci 45 ko fiye, kuma ba laifi ba ne ka sauko da riƙonka inci ɗaya don samun tsakiya. Ƙwallo tana daidai cikin diddigen hagu, a kan ɗan turke, rabinta ya ɗara saman kan sanda.

Matsalar da ta fi damun masu koyo da direba ita ce ƙwallo ta tashi ta lanƙwasa dama. Sanadinta fuska ce a buɗe idan aka kwatanta da hanyar da sanda ta bi, kuma yawanci daga riƙo take farawa. A hannun hagu, mariƙin ya kwanta a gindin yatsu, ba cikin tafi ba, har kana ganin ƙullin yatsu biyu ko uku idan ka duba ƙasa. Ko ka ɗora ƙaramin yatsan dama a kan na hagu, riƙon da ake dangantawa da Harry Vardon, ko ka sarƙe su kamar yadda Jack Nicklaus da Tiger Woods ke yi, ko ka riƙe da yatsu goma, duk suna aiki. Abin lura wajen saye shi ne kaurin robar mariƙin. Mai kauri fiye da hannunka tana hana hannu juyawa, fuska ta zauna a buɗe. Akwai direbobi da aka matsa nauyinsu kusa da ƙota don taimaka wa fuska ta rufe. Suna rage lanƙwasar, amma darasi biyu ko uku wurin ƙwararren mai koyarwa sun fi su amfani.

Wej na yashi ya zama digiri 54 zuwa 56, mai tudun ƙasa digiri 10 zuwa 14, don ya zame cikin yashi maimakon ya nitse. Mai digiri 60 ka dakata da shi. Sandar gangarawa kuwa, mai babban kai da layin saiti ta fi sauƙi, tsawonta inci 33 zuwa 35. Ƙwallo ka sayi mai sassa biyu, wato ciki da ɓawo mai tauri, domin za ka ɓatar da da yawa cikin ruwa da ciyayi. Irin su Titleist Pro V1 masu fatar yuretan, wata roba mai laushi, an yi su ne don masu iya sarrafa juyawar ƙwallo.

In na hannu za ka saya, duba layukan fuskar wej, in sun goge ba za su riƙe ƙwallo ba. Girgiza direba ka saurara ko wani abu na motsi a ciki, ka duba tsagewa a samanta da kuma inda ƙota ta shiga kai. Ƙotar girafait da jaka ta goge har zarenta ya fito tana iya karyewa. Robar da ta yi santsi ba matsala ba ce, ana sauya ta cikin mintuna. Sannan ka sa farin tef a ƙasan lamba 7 ka buga a kan allo mai tauri: in alamar ta fito kusa da ƙota, kan sandar ya miƙe da yawa kuma ƙwallo za ta riƙa tafiya hagu, in ta fito wajen baki za ta tafi dama. Mai gyaran sanduna yana iya lanƙwasa yawancinsu digiri 1 ko 2.