Royal Canin Fibre Response: abin da yake yi wa tsohuwar kyanwa mai taurin kashi, da abin da ba zai iya ba

Tsohuwar kyanwa ta shiga akwatin yashi, ta tsuguna, ta yi ta nishi, ta fito ba ta ajiye komai ba. Jim kaɗan ta sake komawa. Da ƙyar sai ga 'yan dunƙule biyu ko uku, baƙaƙe, busassu kamar ƙwallon dabino, sau da yawa ma a ƙasa gefen akwatin, sannan ta ja gefe ta yi aman kumfa. Domin irin wannan kyanwar aka yi Gastrointestinal Fibre Response na kamfanin Royal Canin na ƙasar Faransa. Busasshen abinci ne na magani, wanda ake samu a asibitocin dabbobi da manyan shagunan kayan dabbobi a Jidda, Makka da Madina. Hukuncinmu a kansa shi ne yana aiki, kuma yana aiki sosai, amma ga kyanwar da aka riga aka gano dalilin cushewar cikinta. Wanda ya saya don kawai mai shago ya miƙo masa, yana iya ƙara wa kyanwarsa wahala da kuɗinsa.

Sirrin abincin yana cikin siliyum, ɓawon wani ɗan iri da masu shagon aɗɗar, wato masu sayar da kayan ƙanshi da magungunan gargajiya, suke kira bazar ƙaɗuna. A zuba rabin cokalinsa a kofin ruwa a dawo bayan minti goma, za a tarar ruwan ya yi kauri yana yauƙi kamar miyar karkashi. Haka yake yi a cikin babban hanji. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga kashi, kuma gwargwadon daɗewar kashin a ciki, gwargwadon bushewarsa. Siliyum yana riƙe ruwan, kashin ya yi laushi, ya yi santsi, ya kuma ɗan ƙara auki yadda hanjin zai ji shi ya turo. A 2011 an wallafa wani bincike a kan kyanwoyi masu taurin kashi da aka ciyar da irin wannan abinci, kuma mafi yawansu sun sami sauƙi, wasu har aka daina ba su magani. Sai dai masanan kamfanin suna cikin waɗanda suka yi binciken, kuma ba a ware wasu kyanwoyin a kan wani abincin don a kwatanta ba, saboda haka a ɗauke shi a matsayin shaida mai kyau amma ba cikakkiya ba. Inda ya dace, akan ga sauyi cikin mako guda: kashi ya riƙa fita dogo, a haɗe, mai laushi, kullum ko bayan kwana ɗaya.

Ta fuskar ci kuwa ba shi da matsala. Yawancin kyanwoyi suna karɓarsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne, domin duk mai tsohuwar mage ya san yadda take shinshina sabon abinci ta juya baya.

Babban rauninsa a ƙasar Saudiyya shi ne ruwa. Busasshen abinci bai wuce ruwa kashi 10 cikin 100 ba, alhali na gwangwani ko na leda mai romo yana kai kashi 75 zuwa 80. Kyanwa na buƙatar wajen mililita 50 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinta a yini, wato mai kilo 4 tana son mililita 200, kusan cikin ƙaramin kofi guda. Ga shi kyanwa ba mashayiyar ruwa ba ce tun asali. A haɗa wannan da zafin Makka da yake haura digiri 45 a lokacin zafi, da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da yake busar da iskar ɗaki dare da rana, da ruwan tankin saman bene da yake saukowa da zafi har kyanwa ta ƙi kusantarsa. Siliyum ba ya kawo ruwa daga ko'ina, wanda ya tarar yake riƙewa. Idan bai tarar ba, sai a sami kashi mai yawa kuma mai tauri, wanda ya fi na farkon wuyar fita. Don haka wanda zai buɗe wannan buhu ya fara gyara sha'anin ruwa. Kwanuka biyu ko uku a wurare daban-daban, masu faɗi don kada gashin bakinta ya riƙa gogar gefe, nesa da abinci da akwatin yashi, a sauya ruwan safe da yamma. Na tangaran ko na ƙarfe ya fi na roba, domin roba tana riƙe wari. Duk sa'ad da aka zuba ruwa a auna shi da kofi mai ma'auni, idan an zo sauyawa a auna saura, ta haka ne za a san gaskiyar abin da take sha. Idan ta yarda, a jiƙa mata ƙwayoyin da ruwa mai ɗumi cokali biyu ko uku, a bar shi minti goma. Jiƙaƙƙe kada ya wuce awa ɗaya a kwano, zafi yana lalata shi nan da nan, ga tururuwa da kyankyasai.

Kafin a saya, sai an ga likitan dabbobi, kuma ba don cika ƙa'ida muke faɗin haka ba. Taurin kashi a kyanwar da ta haura shekara 11 galibi alama ce ta wani abu daban. Na gaba-gaba ciwon ƙoda. Ƙodar da ta gaji tana zubar da ruwa ta fitsari, jiki kuma ya rama ta hanyar tsotse shi daga hanji. Alamarsa ita ce dunƙulen fitsari a cikin yashi su zama manya-manya, kyanwa ta yawaita zuwa wurin ruwa, ta riƙa ramewa a hankali. Irin wannan ƙodar tana zubar da sinadarin fotasiyum ma, kuma idan ya yi ƙasa, naman hanji ba ya motsi yadda ya kamata. Gwajin jini da na fitsari ne kaɗai za su nuna. Fibre Response ba abincin masu ciwon ƙoda ba ne, ba a rage masa sinadarin fosfaras kamar nasu ba. Idan gwaji ya nuna ƙoda ta taɓu, likita zai fi son abincin ƙoda mai romo, a barbaɗa siliyum zalla a kai, a fara da kwatan ƙaramin cokali. A tabbatar wanda ba a sa masa zaƙi ko ƙanshi ba ne.

Na biyu ciwon gaɓɓai. Mafi yawan kyanwoyin da suka wuce shekara 12, idan aka ɗauki hoton ƙashinsu, ana ganin gaɓɓai sun soma cinyewa. Tsugunno yana mata ciwo, haye bakin akwati mai tsayi yana mata ciwo, sai ta riƙa matse kashi har ya bushe. Babu abincin da zai gyara wannan. Abin da zai gyara shi akwati ne mai faɗi wanda bakinsa bai wuce tsayin yatsu huɗu ba, yashi mai laushi, a ajiye shi inda take kwana, ba a saman bene cikin rana ko a ƙarshen matakala ba, sannan maganin ciwo na kyanwoyi daga hannun likita. A lokacin Ramadan da aikin Hajji, sa'ad da mutanen gida suke fita aiki dare da rana, akwati yakan kwana biyu ba a kwashe ba, kuma kyanwa ta gwammace ta riƙe a cikinta da ta taka ƙazanta. A ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin kwashewa sau biyu a yini.

Akwai kuma kyanwar da aka tsinta a titi ko ta taɓa faɗowa daga bene. Idan ƙashin ƙugunta ya taɓa karyewa ya warke a karkace, hanyar fitar kashi ta tsuke. Ga wadda kuma babban hanjinta ya buɗe ya saki, ya zama kamar tsohuwar jaka, ba ya iya matsawa. A waɗannan biyun, abinci mai ƙara wa kashi auki yana iya zama cuta. Hoton ciki yana nuna duka biyun, kuma wadda hanjinta ya mutu gaba ɗaya wani lokaci sai tiyata, a yanke mafi yawan babban hanjin. Kyanwar da ta yi kwana uku ba kashi, cikinta ya yi tauri, ta daina ci, ba a fara mata da wannan abinci. Sai an yi mata ƙarin ruwa, an wanke hanjin a asibiti, wani lokaci har da maganin barci, sannan abincin ya shigo don hana abin dawowa.

Wani kuskure da yake kashe muzurai: nishi a akwati ba kullum kashi ba ne. Muzurun da mafitsararsa ta toshe shi ma haka yake tsugunawa yana kuka, yana lasar gabansa. A duba yashi. Idan babu jiƙaƙƙen dunƙulen fitsari tun safe, a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'ar, domin kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya hallaka shi.

Yadda ake ba da shi. Kyanwa mai kilo 4 da ba ta da ƙiba tana cin wajen giram 50 zuwa 55 a yini, ainihin adadin yana jadawalin da ke bayan buhu. A auna da sikelin kicin, kada a kintata da kofi, domin giram goma na ƙari kullum ya isa ya tara mata teɓa cikin 'yan watanni, ƙiba kuma tana ƙara cushe ciki. A raba shi ci uku ko huɗu. Ba a sauya abinci dare ɗaya: kwana biyun farko kashi ɗaya cikin huɗu sabo, kwana na uku da na huɗu rabi da rabi, na biyar da na shida kashi uku cikin huɗu, ranar bakwai zalla. Idan ta ƙi ci, kada a ce yunwa za ta koya mata hankali. Kyanwar da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ci, kitse yana taruwa a hantarta, kuma wannan ciwo ya fi taurin kashi haɗari nesa ba kusa ba. A koma mata tsohon abincin, a sake gwadawa a hankali. A riƙa auna nauyinta duk bayan mako biyu, a kuma rubuta ranakun da ta yi kashi a kalandar bango, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe irin wannan.

Sannan a rufe ƙofar ragowar abinci. Ƙashin kazar burosted da na mandi yana farfashewa ya taru a hanji kamar tsakuwa. Shinkafar kabsa cike take da albasa da tafarnuwa, su kuma suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Madara tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, wanda wasu ke ɗauka magani ne, alhali ƙarin ruwa take zubarwa. Idan likita ya haɗa da Duphalac, maganin ruwa mai tausasa kashi, abin da aka saba farawa da shi rabin mililita ne a kan kowane kilo, sau biyu ko uku a yini, kuma idan abincin ya fara aiki sai a rage shi, in ba haka ba a wayi gari da gudawa. Abubuwa uku kada su kusanci kyanwa ko kaɗan: ruwan wankin dubura na mutane mai sinadarin fosfet da ake saya a saidaliyya (shagon magani), wanda yake kashe ta cikin sa'o'i, man farafin da ake ɗurawa ta baki, domin ba shi da ɗanɗano, ba ta haɗiye shi da kyau, yana zarcewa huhu, da Panadol ko Fevadol, waɗanda ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta.

Wani abu da yake ruɗar mutane shi ne a ga ruwan kashi mai majina yana ɗiga daga kyanwa a ce zawo take yi. Sau da yawa ruwa ne yake zagayowa ta gefen busasshen dunƙulen da ya tare hanya. Ba ta maganin tsayar da gudawa a wannan hali ƙara kulle ƙofa ne.

Game da saye, a karanta sunan da kyau. Kamfanin yana da buhuna masu kama da juna: Gastrointestinal zalla na masu amai da zawo ne, akwai Moderate Calorie, akwai Hairball, akwai kuma Digestive Care wanda ba na magani ba ne. Sai an ga Fibre Response a rubuce, da hoton kyanwa. Ya fi abincin kyanwa na baƙala (kantin unguwa) tsada ƙwarai, saboda haka a fara da ƙaramin buhu na giram 400, wanda zai yi wajen mako guda idan ana ba da shi zalla. Na kilo 2 yana kai kyanwa ɗaya kwana 36 zuwa 40, shi ne ya fi dacewa da gida mai kyanwa guda. Na kilo 4 ya fi araha a kan kilo, amma a damshin Jidda, kafin a kai rabinsa man da ke jikin ƙwayoyin ya soma sauya wari, kyanwa ta ƙi shi, a zaci abincin ne ta gaji da shi. A bar shi cikin buhunsa, a matse iska, a naɗe bakin, a sa a bokiti mai murfi a ɗaki mai sanyi. A duba ranar ƙarewar wa'adi kafin a biya, a guji buhun da aka jera a rana a bakin shago, kuma kada a bar shi a bayan mota a tafi sallah ko kasuwa. Ba a ba wa 'yan kyanwa masu tasowa, ko mai ciki, ko mai shayarwa, don haka a gidan da ke da su sai a raba wurin ci. Idan an cika mako biyu ana ba da shi zalla, ruwa yana shiga yadda aka auna, amma har yanzu kashi yana wuce kwana biyu bai fita ba, a koma wa likita da kalandar da lissafin ruwan a hannu, a nemi hoton ciki.