Yawon wuni ɗaya zuwa garin Marína: abin da kuɗina ya saya

Abokin ɗakina ne ya ja ni. Ɗan Slovakiya ne, kuma tun da muka haɗu yake damuna da cewa ƙasarsu ce ke da rubutacciyar waƙar soyayya mafi tsawo a duniya, mai suna Marína. Da na gaji da musu, sai na biya wani kamfanin yawon buɗe ido a Bratislava, babban birnin ƙasar, kuɗin tafiyar wuni ɗaya zuwa Banská Štiavnica, garin da labarin waƙar ya faru. Kuɗin ya haɗa da mota, ɗan rakiya mai jin Turanci da abincin rana. A kakar 2022 ke nan.

Motar ba laifi: ƙaramar bas mai tsabta, mu tara a ciki, tafiyar ta ɗan haura awa biyu. Garin kuwa ya fi hotunansa kyau. Tsohon garin haƙar azurfa da zinariya ne, yana zaune cikin ramin wani dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1993. Sai dai duk unguwannin hawa da gangara ne a kan daɓen duwatsu. Ni da na sa takalmin zuwa biki, ƙafafuna sun ba ni labari da dare.

Mawaƙin da muka je dominsa shi ne Andrej Sládkovič. Sunansa na yanka Andrej Braxatoris, an haife shi a Krupina a 1820, ɗan malamin makaranta ne marar abin hannu. Yana karatu a wannan gari yana koyar da yaran masu hali don ya sami na abinci, a nan ya haɗu da Mária Pischlová. Suka so juna. Ya wuce Bratislava karatu, daga nan Halle a Jamus, daga baya uwar yarinya ta aurar da ita ga wani attajiri mai sana'ar gasa wainar zuma. Da ɗan rakiya ya zo nan, wata Ba'amurkiya da ke cikinmu ta dafe ƙirji. Ni kam dariya ce ta kusa kufce mini, domin ba unguwar da za ka shiga a Kano ka rasa mai irin wannan tabo. Bambancin kawai, shi wannan bai tsaya zagin uwar budurwa a majalisa ba. Ya zauna ya rubuta baiti 291, kusan layi 2,900, aka buga a 1846 da sunan Marína.

Gidan su Mária yana dandalin tsakiyar gari, an mayar da shi gidan tarihi da ake kira Bankin Soyayya. Nan ne kuɗina ya fi halalta. Ana saukar da kai ƙarƙashin gidan, cikin wani rami mai sanyi kamar randa, inda aka jera ƙananan akwatuna dubu 100, an yi musu ado da haruffan waƙar. Masoya kan kama hayar akwati su ajiye zobe, ko wasiƙa, ko wani ɗan abin tunawa. Na shiga ina ganin abin wasan yara ne, na fito jikina a sanyaye. Tsayawa a tsakiyar waƙa, tana kewaye da kai hagu da dama, ya sa na gane tsawonta fiye da yadda lamba za ta nuna mini. Ban kama akwati ba. Wadda zan saka wa suna tana Zariya, kuma na san tambayar farko da za ta yi ita ce nawa na kashe.

Inda nake da ƙorafi shi ne ɗan rakiyar kamfanin. Mutumin kirki ne, Turancinsa a fili, amma ya haddace labarin kamar karatun allo, kuma soyayyar kaɗai ya haddace. A bakinsa Sládkovič saurayi ne da aka yi wa ƙwace, shi ke nan. Sai a hanyar dawowa abokina ya cike mini giɓin, kuma abin da aka tsallake ya fi abin da aka faɗa nauyi. A 1843 ne Ľudovít Štúr da abokansa suka tsayar da ƙa'idar rubuta harshen Slovak, a lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin masarautar Hangari, masu ilimi kuma suna rubutu da Latin, Jamusanci, Hangariyanci ko harshen Czech. Wato shekara uku kacal bayan an daidaita rubutun harshe, wani ya ɗauko shi ya gina waƙa mai wannan girma da shi. Kuma waƙar ba kukan rabuwa ba ce kawai: yarinyar tana rikiɗa a cikinta har ta zama ƙasar haihuwa, mawaƙin yana cewa yana son ƙasarsa a cikin Marína, yana son Marína a cikin ƙasarsa. Wannan ne ya sa har yau yaran makaranta ke haddace baitocinta. Yaya za a kai mutum har ƙofar gidan a bar wannan a mota?

Haka kuma ba a ce mana komai ba game da sauran rayuwarsa. Ya zama limamin cocin Lutheran, ya yi aure ya hayayyafa, ya yi aiki a Hrochoť sannan a Radvaň, inda ya rasu a 1872. A 1853 aka buga ɗaya babbar waƙarsa, Detvan, labarin wani saurayin ƙauye a zamanin Sarki Matthias Corvinus na Hangari. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar raya al'adu ta Matica slovenská a 1863. Da na tambayi ɗan rakiya game da Detvan, sai ya duba agogo ya ce lokacin abinci ya yi.

Abincin ma da magana. Tun wajen biyan kuɗi na rubuta cewa ba na cin naman alade. Aka kawo mini abincin ƙasar, halušky, 'yan ƙananan curin dankali da fulawa cikin cukun tumaki, an barbaɗa soyayyen naman alade a kai. Mai kawo abincin ta ce in ture shi gefe. Sai da abokina ya sa baki da harshensu aka dafa mini wani sabo, kuma gaskiya da daɗi, ko da yake cukun yana da ƙarfi ga wanda bai saba ba. Wurin salla babu wanda ya yi tunaninsa; a bayan bas na shimfiɗa rigar sanyina.

Ga mai niyyar zuwa: a watan Maris na 2023 gobara ta taɓa gine-gine da dama a dandalin, har da wannan gida, don haka a bincika abin da ke buɗe kafin a biya. A karanta tarihin mawaƙin tun daga gida, a nanata zancen abinci ga direba da ɗan rakiya baki da baki, a kuma sa takalmi mai taushi. Garin da gidan na ba su biyar cikin biyar. Kamfanin kuwa uku, ɗaya daga ciki ma albarkacin direban ne, wanda ya tsaya mana a bakin ɗaya daga cikin tafkunan da mahaƙa suka gina tun ƙarni na 18, alhali ba ya cikin tsarin tafiyar.