Keji, Ɗakin Katako ko Shinge: Wanne Za Ka Saya wa Ɗan Kwikwiyo In Kana Wuni a Waje?

Kafin ka je wurin mai walda ko ka shiga kasuwar Sabon Gari ta Zariya cigiyar keji, ka zauna ka ƙirga awannin da gidanka ke wuni babu mai kula. Wannan lissafin ne zai faɗa maka abin da ya kamata ka saya. Ɗan kwikwiyo mai wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa 2 zuwa 3, kuma kowane wata da ya ƙaru, kusan awa ɗaya ce ke ƙaruwa. Wanda ke barin Tudun Wada da ƙarfe 7 na safe zuwa aiki a Samaru, bai dawo ba sai bayan la'asar, ya yi awa 9 ko fiye a waje. Babu kejin da zai sa ɗan wata 2 ya daure haka, ko da daga Jamus aka kawo shi.

Hikimar keji dai guda ce. Kare ba ya son ɓata inda yake kwana. In wurin ya yi masa daidai, ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa, to zai matse har a buɗe masa. In wurin ya yi faɗi, sai ya mai da lungu ɗaya makwanci, ɗaya kuma ban-ɗaki. In kuma aka rufe shi har ya kasa daurewa ya yi a ƙarƙashinsa, sau biyu sau uku, ƙyamar nan ta fita daga ransa, kuma dawo da ita aiki ne ja.

Kejin waya na kanti, wanda ake naɗewa, shi ya fi dacewa da koya wa kwikwiyo inda zai yi bahaya. Iska na shiga ta ko'ina, akwai faranti a ƙasa da ake zarowa a wanke, kuma masu kyau suna zuwa da wata raga ta tsakiya da ake matsarwa baya yayin da kwikwiyon ke girma. Matsalarsa tsada, sannan ba kullum ake samunsa a Zariya ba, sau da yawa sai an aiko daga Kaduna, Kano ko Abuja. Wayar masu araha kuwa siririya ce, kare mai girman jiki irin Boerboel ɗan wata 6 zai tanƙwara ta. Kejin roba mai ƙofar ƙarfe na tafiya ne. Yana da amfani ranar kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, amma a zafin Maris da Afrilu tanda ne, kada ka bar dabba ta wuni a ciki.

Abin da mafi yawanmu ke ƙarewa a kai shi ne na mai walda, kuma ni ma shi nake ba da shawara, muddin kai za ka tsaya a kan aikin. In ka ce masa kawai "yi mini kejin kare", zai yi maka irin wanda ya saba: mai dogayen ƙafafu, ƙasansa rodi a jere ko raga, don kashi da fitsari su riƙa zuba ƙasa. Ga mai sayar da karnuka wannan sauƙin shara ne. Ga kai kuwa, ka sayi abin da zai koya wa kwikwiyo yin bahaya inda yake kwance, tun da ba ya taɓa jikinsa, ga shi kuma yana ji masa ciwo a tafin ƙafa. Haka ya faru da ni a karena na farko. Na biya kuɗi ina murna, sai da na shafe watanni ina gyara ɗabi'ar da kejin ya saka masa. Ka ce a yi ƙasan a shafe, a ɗora katako mai laushi ko tabarmar roba da za a iya cirewa. In irin su Alseshan ne, ka auna girman da zai kai: tsawo ƙafa 4, faɗi ƙafa 2 da rabi, tsayi kusan ƙafa 3, sannan a yi maka ƙyauren tsakiya mai ƙugiya da za ka riƙa matsarwa. A goge bakin waldar, a matse tsakanin rodin yadda kai ba zai shiga ya maƙale ba. Rufin kwano tsirara kuwa, sai dai in kejin zai zauna ƙarƙashin rumfa ko inuwar dalbejiya.

Ɗakin katako na kafinta ya fi sanyi da rana, ya fi ɗumi a hunturun Disamba da Janairu, kuma ya fi araha. Sai dai araha ba ta ado. Katako na shan fitsari, warin ba ya fita, kwikwiyo mai fitar da haƙori zai gwigwiye shi, gara ta ci nata, kaska kuma ta samu tsagar ɓuya. Ya yi kyau a matsayin makwancin babban kare da ya riga ya koya.

To ga wanda gidansa ke wuni a rufe fa? Naka shi ne shinge. A kewaye wani lungu na tsakar gida da raga, kamar taku 3 ko 4 kowane gefe, nesa da inda ake shimfiɗa tabarmar salla da inda ake wanke-wanke. A ajiye ƙaramin keji a buɗe a gefe ɗaya tare da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba, a can ɗaya gefen kuma a zuba yashi ko ɗusar katako daga wurin masu yankan katako. Ya kwana nan, ya yi bahayarsa can. Koyon zai ɗauki lokaci fiye da na mai keji da mutum a gida, amma ba a tilasta masa kwanciya cikin ƙazantarsa ba. Ɗaure shi da sarƙa a turke, wanda shi ne na gargajiya, bai kamaci ɗan ƙarami ba: yana iya naɗe wuya, kuma rana na juyowa ta same shi inda inuwa take da safe.

In akwai mai gadi, ko uwargida ta yarda, ko wani yaro mai hankali yana dawowa daga makaranta da azahar, keji kaɗai ya isa. Sharaɗin shi ne a fitar da shi da zarar ya tashi daga barci, da bayan wasa, da minti 10 zuwa 20 bayan cin abinci, kullum wuri ɗaya, da kalma ɗaya. Yana gamawa a yabe shi nan take, a ba shi ɗan guntun nama. Duka ko goga masa hanci a fitsari ba ya koya masa komai sai ɓoyewa bayan randa ya yi. Yawancinsu suna kamawa tsakanin wata 4 zuwa 6.

Wurin bahayar ya zama cikin gida, ba bakin titi ba, har sai ya kammala alluran riga-kafi. Ana fara su ne yana da mako 6 zuwa 8, ta ciwon haukan kare kuma a wata 3. Cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, tana daɗewa a ƙasa watanni, don haka kejin da wani ya yi amfani da shi, komai arharsa, ka tambayi abin da ya raba shi da karen. In ka saya, a wanke da sabulu, a bi da Hypo da aka sirka da ruwa, a ɗauraye, a shanya a rana. Ka kuma duba sakatar ƙofar da hannunka, don kwikwiyo mai wayo yana koyon ɗaga ta da hanci, gara a sa mata ƙugiya ta biyu daga waje.