Injin Chromium na 10x: aiki kam yana yi, amma sai aljihunka ya yi nauyi

Masu tambaya ko injin Chromium na kamfanin 10x Genomics, mai duba abin da kowane sel (ƙwayar halittar jiki) ke yi shi kaɗai, ya cancanci kuɗinsa, ni dai da shi nake aiki a lab, ga abin da na gani. Kamfanin yana Pleasanton ne a jihar Kalifoniya, a 2016 suka fito da shi.

A tsohon salo sai ka markaɗe tsoka gaba ɗaya ka auna RNA ɗinta (saƙon da sel ke kwafowa daga DNA ɗinsa) a dunƙule, komai ya cakuɗe kamar fate, ba ka san wane sel ne ke yin me ba. Shi kuwa wannan za ka zuba sel ɗinka a ɗan cif mai layi 8, da mai, da wasu mitsi-mitsin ƙwallayen jel, injin ya tura su ta siraran hanyoyi sel ya faɗa cikin ɗigo guda tare da ƙwallo ɗaya mai tambarinsa na daban, to duk RNA ɗin da ya fito daga sel ɗin nan da wannan tambarin zai tafi, ko an haɗe su daga baya manhajarsu Cell Ranger za ta ware maka kowa da nasa. Kamar minti 18 ya gama, layi ɗaya har sel 10,000. Wallahi nan ba ni da ƙorafi.

Inda gizo ke saƙar shi ne sinadaran. Nasu kaɗai yake ci, da dala, kuma bayan ka gama sai ka sake biyan injin wani kamfani mai suna Illumina ya karanta maka jerin RNA ɗin, su 10x ɗin kansu karatu 20,000 suka ce a yi wa kowane sel. Sannan in ka yi haɗama ka cika layi taf, wajen kashi 8 cikin 100 na ɗigon da suka kama sel, sel biyu za su shige tare su ruɗa ka. Ƙarshen RNA kawai yake karantawa fa, mai son tsawonsa duka gara ya koma wata dabarar daban mai suna Smart-seq2 ko da sel kaɗan zai samu.

Kuma ba ya rufa wa ƙazamin samfur asiri, in sel ɗinka sun fara mutuwa kafin ka zuba to kuɗin sun tafi, a so samu ne kashi 90 su kasance da rai.

'Yan uwa na lab ɗin gida, ƙwallayen nan a firiza mai sanyin -80°C ake ajiye su, don haka kafin ku rubuta shi a kasafin tallafi ku fara zama da mai kula da janareta tukuna.